Inda Ake Kashe Inji

Barira ta goge hannu a gefen zaninta kafin ta karɓi takardar yarjejeniyar littafinta, don kada man kifi ya ɓata ta. Shafi huɗu ne, duka da Turanci. Ta miƙa wa Malama Christiana, wadda ta koya mata karatu a ajin manya lokacin Barira tana da shekara arba'in da tara, sannan ta koma ta gyara icen da ke ƙarƙashin bandarta.

Baƙon yana zaune a kan benci, hayaƙi na sa shi ƙifta ido. Auwal sunansa, daga Kaduna, wakilin marubuta. Malama ta ce aikinsa shi ne kai littafin mutum ga kamfanonin da ke bugawa. Barira ta ce ashe dillali ne, kuma ba ta ga aibu a dillanci ba. Wasiƙa tara suka aika cikin shekara biyu, shi kaɗai ya amsa.

"Mama, littafinki na karanta shi tas, har sau biyu," in ji Auwal. "Gyara biyu kawai yake so. Tsakiyarsa ta yi nauyi, shafi arba'in duk sunayen gidaje da na matattu. A cire. Sannan yarinyar nan Yasira, a sa 'yan bindiga su ɗauke ta. In ka ce Yauri a Legas, abin da suka sani ke nan."

"Yasira ba a ɗauke ta ba," in ji Barira. "Innata ce. Ruwa ya tashe su."

"Labari ne ai, Mama. Ana juya shi."

Malama Christiana ta ɗora yatsa a shafi na uku. "Inna Barira, nan ya ce in kin sa hannu, yana da ikon gyarawa yadda ya ga dama, ba sai ya tambaye ki ba."

Shekara shida Barira ta yi tana rubuta littafin nan a cikin littattafan 'yan makaranta, tana zaune gaban tsohuwarta tana sauraro. Tsohuwar ta rasu bara. Idon Barira kuma ya fara hazo, likita ya ce yana ne. In ta bar wannan mutumin ya tafi, ba ta san ko za ta ga sunanta a bangon littafi da idonta ba. Amma tun farko Malama ta gaya mata: kada ki ba kowa kwafinki na asali, kuma kada ki sa hannu ga wanda bai karanta ba.

"Malam Auwal, zan ƙetara in karɓo kifi," ta ce. "Raka ni. In mun dawo sai a yi maganar sa hannu."

Ya dubi agogo, ya yi dariya. Ya ce to, hoton marubuciya a kan ruwa ma zai yi amfani.

Jirgin ruwan Dogo ya cika maƙil: mata da kwanduna, buhunan gero, akuya biyu, da tsoho Philip rungume da kekensa. Dogo ya jefa wa Auwal rigar ruwa.

"Ɗan birni, ɗaura da kyau. Wanga ruwa bai san digiri ba."

"Kai ma bai san ka ba, Dogo," in ji wata mata daga baya. "Ran nan wa aka tsamo da ƙafa?"

Aka kwashe da dariya. Auwal ya yi ta ɗaukar hoto, yana ba Barira shawara da ƙarfi saboda ƙarar inji. Marubuci sabo, in ji shi, sai ya bi kasuwa. Na farko ka ba su abin da suke so, na biyu ka rubuta abin da kake so. Barira tana gyaɗa kai. Ba ta da na biyu.

Sun yi kamar rabin sa'a, gaɓa ta koma siririn layi, sai Dogo ya miƙa hannu ya kashe inji.

Hira ta yanke. Matan suka sauke idanu, leɓɓansu na motsi. Philip ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ba a jin komai sai ruwa yana lasar cikin jirgi.

"Lafiya?" Auwal ya miƙe rabi, jirgin ya yi tangaɗi. "Direba, mai ne ya ƙare? Mama, akwai sabis a nan? A kira wani!"

Philip ya kama gefen rigarsa ya zaunar da shi a hankali. Barira ta shafa addu'arta, Dogo ya ja igiya, injin ya tashi.

Sai da suka yi nisa ta juyo.

"Ƙarƙashin inda muka tsaya can Gungun Ɗorawa ne," ta ce. "Garinmu, kafin a tare ruwa a Kainji. Ina goye aka fito da ni. Kakannina suna nan, na Philip ma suna nan. Ba a bi ta kansu da ƙara, kowa ya gaishe da nasa. Da kashe injin nan babin da ka ce a cire ya fara, Malam Auwal. Da shi kuma littafin ya ƙare."

Auwal ya daɗe yana duban wayarsa, ba ya latsa komai.

"Shafi talatin na farko na karanta," ya ce a ƙarshe. "Da taƙaitawar da Malama ta rubuto. Sauran na buɗa na duba. Mama, littafi nawa ke kan teburina, kin sani? Kuma gaskiya zan gaya miki, ko na karanta, maganar ba ta canzawa. Ba mai buga jerin sunaye. Za ki iya mutuwa da shi a akwati."

"Zan iya," in ji Barira. "Ruwa ya ci garin nan sau ɗaya, ba a tambaye mu ba. Wannan karon ni ake tambaya."

Suka karɓo kifin, suka juyo. Da Dogo ya sake kashe inji a wurin, Auwal bai yi magana ba. Ya kifa wayar a cinyarsa har aka wuce.

A bakin ruwa Barira ta zaɓi manyan busassun kifi uku ta naɗe masa, don baƙo ba ya tafiya hannu wofi. Ta ɗora takardar yarjejeniyar a kai, fes kamar yadda ya kawo ta.

"Kwafin da ke wurinka, na bar maka," ta ce. "In ka kai ƙarshe, lambata ba ta canza ba."

Da motarsa ta tashi, Malama Christiana ta sauke numfashi. "Inna Barira, shi kaɗai fa ya amsa mana."

"Na sani. Akwai sauran adireshi?"

"Akwai na wata mata a Zariya, ƙaramin kamfani ne. Sai ɗaya a Sakkwato."

"Ɗauko biro. Wasiƙar nan dai za mu sake, amma ki ƙara layi ɗaya a ƙasa."

Malama ta buɗe jaka. "Me zan sa?"

Barira ta tsuguna ta fara jera sabon kifi a kan ragar banda, ɗaya bayan ɗaya.

"Ki ce, duk wanda zai kira ni, ya fara gaya mini inda ake kashe inji."