Ƙeyar Ilka a Bidiyon Zselyke

Sau huɗu Ilka ta kalli bidiyon a ɗakin malamai, wayar tana ɓoye a cinyarta, kofinta yana hucewa a kan littattafan lissafin da ba ta gama dubawa ba.

Minti ɗaya da rabi ne. Da duhu ya fara, sai ganga ta ɗauka, sai ga ƙafar Zselyke a kan igiyar sama ta dandamalin kokawa. Ta taso a hankali kamar iska ce ta ɗauko ta, jan gashinta ya baje, ta sauko a ƙirjin wata mace mai baƙar riga. Aka yanke hoton. Zselyke ta sunkuci mai baƙar riga ta maka da ƙasa. Aka sake yankewa. Zselyke ta ɗaga hannu sama tana murmushi, ƙafarta ɗaya a kan gadon bayan mai baƙar riga.

Ilka ce mai baƙar rigar. Sau goma sha ɗaya ta fito a bidiyon, kuma ko sau ɗaya ba a ga fuskarta ba. Ƙeya, kafaɗa, tafin takalmi.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne bidiyon ya yi kyau. Da ya yi muni da ta samu abin dariya.

Shekararta bakwai tana kokawa a ƙungiyar Bertalan, a wata tsohuwar masana'anta ta unguwar Kőbánya da ruwa ke zuba ta rufinta. Zselyke kuwa wata tara ke nan da zuwanta. A irin kokawarsu, tun kafin a buɗe ƙofa Bertalan yake rubuta wanda zai yi nasara, ya manna takardar a ɗakin canza kaya. Ilka ta iya faɗuwa, faɗuwar da 'yan kallo za su dafe ƙirji, saboda haka aka bar mata faɗuwar. Ta karya haƙarƙari biyu da ɗan yatsa ɗaya a kan wannan aiki, kuma kowace Litinin tana gaban allo ƙarfe takwas, ba wanda ya taɓa jin ta yi ƙorafi.

Babban wasan kaka saura mako uku. Mata biyu ne za su fafata a kan ɗamarar zakara, kuma su biyun nan kaɗai ake haɗa wa bidiyo. Zselyke ta samu nata. Gurbi na biyu kuwa, Ilka ta ji ana cewa Bertalan yana neman wata daga Vienna.

Da aka tashi makaranta ba ta je gida ba. Ta wuce ɗan ƙaramin ɗakin da ke saman masana'antar, inda tsoho Dezső, wanda suke kira bácsi, wato kawu, yake tace musu bidiyo. Ya yi shekara talatin yana tace labarai a gidan talabijin kafin ya yi ritaya. Ta same shi yana cin burodi da tsiran alade a kan jarida.

"Dezső bácsi, me na yi maka?"

"Sannu da zuwa, malama. Ba gaisuwa?"

"Ina wuni. Me na yi maka?"

Ya share hannunsa a wando, ya tura mata kujera da ƙafa. "Kin ga bidiyon ke nan. Ya yi kyau ko?"

"Ya yi wa mai shi kyau. Sau goma sha ɗaya ka yanke min kai."

"Goma sha biyu. Akwai wanda gwiwar hannunki kawai ta fito." Ya juya wajen kwamfutarsa. "Zauna, 'yata. Da kaina na ce wa Bertalan ke ya kamata a yi wa na biyu. Ya ce in kawo masa minti ɗaya na fuskarki. Kwana uku na yi ina nema."

Ya fara buɗe mata wasanninta, tun na shekarar farko. A ɗakin wasan, babbar kyamara ɗaya ce, a kafe take a ɓangaren ƙofa. Abu na farko da ake koya wa mai faɗuwa shi ne ta juya abokiyar karawarta ta fuskanci wannan kyamara, don a ga fuskar mai nasara. Ilka ta kalli kanta tana yin haka shekara bayan shekara. Ta riƙo wuyan wata, ta yi taku biyu, ta juyo da ita. Ta faɗi, ta mirgina, kanta yana kallon bango. Ba ta taɓa kuskure ba.

"Kin gani? Ni ban yanke komai ba," in ji Dezső. "Duk ƙasar nan babu wanda ya iya ɓuya kamarki. Yarinyar nan ba ta ma san inda kyamarar take ba, ke kike kai ta kamar an kai amarya."

"Haka aka koya min."

"Na sani. Ke kaɗai ce kika saurara."

Ilka ba ta yi dariya ba. Ta tsaya tana kallon hoton da ya tsayar, Zselyke a sama da haskenta, ita a ƙasa baƙi ƙirin kamar inuwa. Ta tuna ranar da ta koya wa yarinyar wannan tsallen. Sau ashirin ta tare ta da ƙirjinta a rana ɗaya, har da ba ta baki da ta fara kuka.

"Ranar Asabar akwai wasa," ta ce.

"Akwai. Kuma takarda ta ce ke za ki faɗi."

"Takarda ba ta ce ga inda zan kalla ba."

Dezső ya koma ga burodinsa. "Ni dai ban ji komai ba. Kunnena na hagu ya daɗe da mutuwa."

Ranar Asabar da la'asar mutum wajen ɗari biyu suka cika kujerun roba. A ɗakin canza kaya Zselyke tana shafa kyalli a kumatu, ta hango Ilka ta madubi.

"Yaya Ilka, kin ga bidiyona? Mamata ta tura wa duk 'yan garinmu. Wai har limamin cocinmu ya kalla."

"Na gani."

"Kin fito sosai fa. Bayanki kamar na 'yar ninƙaya."

Ba da mugunta ta faɗa ba, kuma wannan ya ƙara wa abin zafi. Ilka ta ja igiyar takalminta har ta kusa tsinkewa.

Mai faɗuwa ba a sa mata kiɗa. Tun fitilu suna kunne ta hau dandamali, ta tsaya a kusurwa tana jira. Aka kashe wuta, babban allo ya haska, ganga ta ɗauka. Yara suka miƙe a kan kujeru suna kiran sunan Zselyke. Ilka ta ɗaga kai tana kallon ƙeyarta mai girman ƙofa, tana shan ƙasa sau bayan sau. Ba ta lura da Dezső ba, wanda ke durƙushe a gindin igiya da ƙaramar kyamararsa.

Aka buga ƙararrawa. Suka riƙe wuyan juna. Ilka ta yi taku biyu kamar kullum, amma ta hagu ta bi. Yanzu ƙofa tana gabanta, jan hasken babbar kyamara yana cikin idonta.

Zselyke ba ta gane ba. Ta yi jifanta na farko, ta miƙe ta buɗe hannuwa, ta yi murmushin nan nata ga bango da tulin kujerun da ba a shimfiɗa ba. Sai a karo na uku ta ga babu kowa a gabanta.

"Yaya, ina kike kai ni?" ta raɗa, kanta a hammatar Ilka.

"Inda nake zama. Ba daɗi?"

"Juya ni."

"Juya kanki. Wata tara ai kin girma."

Yarinyar ta gwada. Ta ja, Ilka ta bi ta da nauyinta ta dawo da su inda suke. Kowane duka Ilka ta karɓa kamar yadda aka tsara, ba ta rage ko ɗaya ba, sai dai duk lokacin da ta faɗi, fuskarta tana wajen ƙofa. Daga bayan labule tana jiyo Bertalan yana dukan tebur.

Lokacin tsalle ya zo. Zselyke ta hau igiyar sama, tana laluben wurin takawa, don ba daga wannan kusurwar ta saba tashi ba. Ilka tana tsaye a ƙasa. Rabin taku baya kawai za ta yi, yarinyar ta sauko a kan katako, ta ji rauni, wasan kaka ya kuɓuce mata. Ta ji rabin takun nan a dugaduginta, har ƙafar ta ɗan ɗaga. Ta mayar da ita. Ta matsa gaba ta buɗe ƙirji, ta karɓe ta gaba ɗaya. Numfashinta ya ɗauke. Alƙali ya buga ƙasa sau uku, ita kuwa idonta a buɗe, tana kallon jan hasken.

Bertalan ya tare ta tun ba ta cire takalmi ba.

"Shekara bakwai ban taɓa ɗaga miki murya ba, Ilka. Wannan wane irin iskanci ne?"

"Na faɗi ko ban faɗi ba?"

"Kin faɗi, amma kin ba ni minti tara na ɗuwawun tauraruwata."

"To ka haɗa mata wani bidiyon da su."

Ya ce kada ta zo atisaye sai ya neme ta. Ta ɗauki jakarta ta fita, kanta a sama, haƙarƙarinta na dama yana suka.

Ranar Laraba Dezső ya kira ta. Da ta hau sama ta tarar da Bertalan a tsaye ya harɗe hannu, Zselyke kuma tana zaune a kan taga ba ta kalle ta ba.

"Ku yi shiru," in ji Dezső, ko da yake ba wanda ke magana. Ya danna.

Babu ganga. Babu kiɗa ko kaɗan. Fuskar Ilka ce ta cika allon, a cikin duhu, hasken bidiyon Zselyke yana wasa a kanta, ja, fari, ja. Ana jin yara suna kiran sunan wata. Leɓenta na ƙasa ya shige tsakanin haƙora, hancinta ya buɗe, idon ba ya ƙiftawa. Daƙiƙa ashirin Dezső ya bar wannan fuskar ba yankewa. Daga nan sai faɗuwar ranar Asabar, ɗaya bayan ɗaya, kowacce da idon nan a buɗe. A ƙarshe sai ƙafarta, a kusa sosai, dugadugin ya ɗaga daga ƙasa. Kafin ya koma, hoton ya mutu.

Kunya ta rufe Ilka har wuya. Ta ɗauka fushi za a gani a fuskarta, ko jarumta. Abin da ke kan allon ko ɗan aji ɗaya ya san sunansa: hassada.

"Ka yanke inda na mayar da ƙafar," ta ce.

"Na yanke. Wanda ke son ya san ko kin mayar, ya sayi tikiti."

Bertalan ya shafa gemunsa. "Za su tsane ki," ya ce. "Za su jefe ki da kofin giya. Ɗalibanki za su gani, iyayensu ma za su gani. Kuma Zselyke ce za ta ɗauki ɗamara, wannan ba ya canzawa."

"Ta Vienna fa?"

"Ta zauna a Vienna."

Ilka ta yi tunanin ɗakin malamai, da shugabar makaranta mai tsuke baki. Ta sake kallon allon. Fuskar ba ta da kyau, amma tata ce, kuma babu mai iya ɗauke ido daga kanta.

"A fitar da shi," ta ce.

"Dezső bácsi." Zselyke ce ta yi magana daga taga, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ni me ya sa ba ka yi min irin wannan ba? Nawa kamar tallar man gashi."

"Ba ke kika ce har limaminku ya kalla ba?"

"Sake kunna shi."

Ya kunna. Zselyke ta sauko daga taga ta matso kusa da allon. Murmushin nan ya tafi. Ta cije leɓe, idonta ya tsaya cak a kan fuskar Ilka, kumatunta sun yi ja har kunne. A hankali, ba tare da ya juya kansa ba, Dezső ya miƙa hannu ya lalubo ƙaramar kyamararsa a kan tebur.

Ilka ta riga shi. Ta ɗora tafin hannunta a kan gilashin kyamarar ta danne.

"Ajiye, bácsi," ta ce. "Ta jira shekara bakwai tukuna."