Minti Huɗu na Tiberiu

Horia ya taka wa Tiberiu ƙafa a ƙarƙashin tebur tun kafin Doamna Sanda, wato Madam Sanda, sabuwar shugabar sashensu, ta rufe baki.

"Domnu' Tiberiu, kamfani ya sayo sabon tsarin tsaro daga waje. In za mu cire naka, wata nawa zai ci?" ta tambaya, tana girmama shi da "Domnu'", wato Malam.

Kowa a ɗakin ya san inda tambayar ta dosa. Mutum biyu za a sallama, kuma wanda aikinsa ke da wuyar cirewa shi zai tsira. Horia kam ya riga ya sha. Shekara tara yana rubuta manhajar sayar da tikitin bas kamar taliyar da ta kwana a tukunya, ka ja ɗaya duka su biyo. Ba mai iya taɓa ta sai shi.

Shi kuwa Tiberiu, bawan Allah, tsafta ce ta ja masa. A da kowane sashe na manhajar yana da nasa binciken wa ya shiga, me ya taɓa. Ya bi ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya tara wuri guda, ya sa binciken yana lulluɓe kowane sashe daga waje, sashen bai ma san ana yi ba. Har birnin Timișoara ya je ya yi wa mutane lacca a kai, ya dawo yana tafiya kamar shi ya ƙirƙiro lantarki.

"Ka ce wata takwas, tsoho," Horia ya raɗa masa. "Shekararka hamsin da huɗu, wa zai ɗauke ka aiki a nan Cluj?"

Tsoro ya kama Tiberiu ƙwarai. Ya tuna 'yarsa Ilinca da ko rabin jami'a ba ta kai ba. Ya buɗe baki zai ce takwas, sai Doamna Sanda ta riga shi, cikin tausayawa.

"Kada ka ji kunya. Na san irin waɗannan tsofaffin ayyukan, duk a cakuɗe suke."

"A cakuɗe?" Tiberiu ya miƙe. "Aikin wa?"

"Zauna, don Allah," in ji Horia.

Ina! Ya jawo kwamfutarsa, ya haɗa da allon bango, ya goge layi ɗaya, tsarin tsaronsa duka ya fita, ya sake kunna manhajar. Ta tashi lafiya lau, tikiti na fita, babu sashen da ya ko yi tari.

"Minti huɗu, doamna. Har da lokacin da na ɓata wajen neman tabarau."

Horia ya dafe kai.

"Gaskiya ban taɓa ganin aiki mai tsafta haka ba," in ji Doamna Sanda, ta sunkuya ta rubuta wani abu a takardarta.

Tiberiu ya san sarai sunan wa ta rubuta. Ya naɗe wayar kwamfutarsa ya nufi kujerarsa, yana zagin kansa a zuci. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne, har ya zauna yabon bai daina yi masa daɗi ba.