Hannun da Ya Saura a Kan Atamfa

Ana warware turmin atamfa na farko a kan teburin, Surayya ta matso ta sunkuya a kansa.

Fuskarta ce dai, yadda ta yi oda: murmushi, farin mayafi, da sunanta a zagaye cikin da'ira. Fuskar ta maimaita kanta a kowane yadi, shuɗi a kan ruwan ƙwai. Amma a kafaɗarta ta hagu akwai hannu. Hannun dattijuwa ne mai zoben azurfa, ƙaramin yatsansa a guntule daga gaɓa ta biyu.

"Ilu, ce masa ya buɗe wani."

Ilu ƙanenta ne, ɗan Kantin Kwari da ya saba da hanyar Guangzhou, shi ne kuma ya kawo ta wannan masana'anta. Ya yi wa mai wurin magana da 'yan kalmomin Sinancin da ya iya, yana cikasa sauran da hannu. Aka yanka wani dila, aka zaro wani turmi. Hannun yana nan. Aka zaro daga can ƙasa, yana nan daram.

Mai wurin, wanda Ilu ke kira laoban, bai ɗaga murya ba. Ya juyo mata da fuskar kwamfuta, ya nuna mata hoton da ta amince da shi ranar da suka zo. Hannun yana ciki tun ranar. Ta tuna ta daɗe a gaban hoton nan, har ta sa aka rage mata duhun ƙasan ido, aka gyara zaman mayafin. Fuskarta kawai ta tsaya kallo. Ita da take koya wa 'yan aji shida cewa ido yakan ɗauki abin da zuciya ke so ne ya bar sauran.

Babu malamin ilimin halayyar ɗan Adam a sakandaren jiharsu da bai san wannan hannu ba. Na Malama Mas'uda ne, wadda ta kafa ƙungiyarsu kuma take shugabantarta. Da shi take buga tebur idan taro ya rikice. Shi take ɗagawa a gaban sababbin malamai, ta ba su labarin injin markaɗen da ya cinye mata yatsa tana yarinya, da yadda ta yi shekaru tana ɓoye shi a mayafi kafin wata malama ta zaunar da ita. Hoton ma an ɗauke shi ne ranar da ƙungiya ta karrama Surayya, Malama tana tsaye a gefenta ta dafa ta. Surayya ta zaɓe shi don a nan ta fi kyau, ta sa aka yanke Malama.

Kuma Malama ba ta san da zancen takarar ba. Kafin hutu, a falonta, ta gaya wa Surayya tana son zango ɗaya na ƙarshe, don ta ga kowace makaranta ta sami ɗakin ba ɗalibai shawara kafin ta sauka. Surayya, sakatariyarta, ɗalibarta tun kwaleji, ta ce mata ko da wasa ba za ta ja da ita ba. Daga baya matasan malamai suka yi ta sintiri a gidanta suna cewa lokacinta ne, har maganar ta zauna mata. A ƙungiyarsu kuwa ba a shelar takara da baki, anko ake fitarwa. Ranar babban taro, tun kafin a ɗaga hannu, mutum zai kalli zauren ya ga atamfar wa ta fi yawa a jikin mutane, ya san yadda za ta kaya. Shi ya sa ta biyo Ilu, ta ce wa Malama za ta taya shi zaɓen kayan yara ne na Sallah.

Ta roƙi a sake bugawa. Laoban ya girgiza kai ya ce meyo, wato babu. Layin oda ya cika har bayan wasannin Olamfik. Ta ce to a ɗora fure a kan hannun. Ya sa aka gwada a wani ƙyalle, rinin ya jiƙa ya bazu, ya fito kamar gyambo a kafaɗarta, yatsun kuma suna leƙowa ta ƙarƙashi. Ilu ya tuna mata cewa bizarta ta kusa ƙarewa, a wannan bazarar kuma ba a ƙara wa kowa ko kwana. Kwantenarsu gobe Juma'a za a rufe ta a wuce da ita tashar jiragen ruwa ta Nansha.

Suka shiga tasi. Duk tsawon titin Huanshi Lu manyan allunan talabijin suna nuna masu ninƙaya, mutane sun yi cirko-cirko a ƙarƙashi suna tafi. Surayya ta ƙudundune ƙyallen samfurin da aka yanko mata daga turmin farko a cinyarta, ta juya hoton ciki.

A masaukinsu na unguwar Xiaobei suka tarar da Hajiya Fasuma, 'yar Maraɗi mai sarin jakunkuna, wadda suka haɗa kwantena da Ilu. Ba a ɓoye wa Fasuma kaya. Ta fizge ƙyallen, ta baza shi a gaban fanka, ta tambayi na wa ne hannun. Da Ilu ya ba ta labari sai ta yi dariya har tana riƙe ciki.

"Madam lakkal, malamar makaranta, ke kam karatu ya hana ki ganin kasuwa. Wa zai ce kuskure ne? Duk wanda ya ga wannan cewa zai yi tsohuwa ta dafa ki, ta sa miki albarka, ta sauka ta ba ki wuri. Ki raba shi kawai ki yi shiru."

Surayya ta ce wannan ai ƙarya ce tsagwaronta. Fasuma ta ce ita ba ta ga inda aka rubuta komai ba, hoto ne, kuma tsohuwar da kanta ta ɗora hannun, ba wanda ya kama mata. Ilu, yana cin shinkafa a roba, ya ce gaskiya Yaya in an bi ta nutse maganar Hajiya tana kan hanya, domin kafin Malama ta gama bi makaranta makaranta tana ƙaryatawa, tela ya riga ya ɗinka wa rabin ƙungiya.

Surayya ta balbale shi da faɗa, ta ce ba ta son ta sake jin wannan magana. Amma tana faɗan, zuciyarta ta riga ta tafi wajen Malam Kallamu da dattawan ƙungiya na shiyyarsa, waɗanda ba su taɓa saɓa wa Malama ba. In suka ga hannun nan, za su karɓi atamfar da hannu biyu. Da ta kama kanta tana wannan lissafi sai ta tashi ta shiga bayi, ta sakar wa fuskarta ruwa, ta ƙi kallon madubi.

Washegari da hantsi aka kawo dilolin sito. Zafi kamar a gasa mutum, ga gumi ba ya bushewa. Kwantenar tana tsaye a ƙofa, masu lodi sun gama da jakunkunan Fasuma da yadukan Ilu, saura nata a jingine da bango. Ilu ya ce shi zai wuce Masallacin Huaisheng kada ya rasa huɗuba, in ta yanke shawara ta gaya wa shugaban masu lodin, a sa ko a bari. Ita da Fasuma suka shiga ɗan ofishin sito, Fasuma tana mitar rana da ke dukan ƙofa.

Wayar Surayya ta yi ƙara. Lambar gida ce. Ta san ta tun kafin ta karanta sunan.

Malama Mas'uda ta ce ta tashi sallar asuba ne ta ce bari ta ji muryar 'yarta. Ta tambayi abinci, ta tambaya ko gaskiya ne mutanen can suna cin kwaɗi, ta yi dariya. Ta ce in da hali a taho mata da man zafin nan na gwiwa. Sannan muryarta ta sauka.

"Surayya, hannun nan ya fara rawa, alli ma da ƙyar nake riƙewa. Kada ki gaya wa kowa. Wannan zangon kawai nake roƙon Allah ya ba ni. Ke nake so ki miƙe a zaure ki gabatar da ni, ba wani ba."

Dilolin suna gabanta ta cikin taga. Abin da kawai za ta ce shi ne, Malama akwai abin da na yi. Ta buɗe baki.

"To, Malama. Insha Allahu."

Malama ta sa mata albarka. Har za ta kashe sai ta ce af, ta manta. Ƙanenta Munkaila, wanda ta raina tun yana goye, shekarunsa da yawa a wani gari kusa da nan yana harkar tayil, kuma a Guangzhou yake Juma'a. Ta ba shi sunan Ilu, zai neme shi a masallaci ya zo ya gaida Surayya, ya karɓi man zafin ya haɗa da nasa saƙon. Ta ce ba su taɓa haɗuwa ba, amma ya san labarin Surayya kamar ya haife ta.

Wayar ta mutu. Surayya ta dubi agogon bango, ta ga an kusa idar da salla. Dila biyu a yanke suke tun jiya, fuskarta tana leƙowa ta bakin buhu. Ta zagaya sito da ido tana neman inda za a tura su. Babu lungu, babu tamfol, ko'ina kwalayen mutane ne har rufi. Wuri ɗaya ne kaɗai zai haɗiye su.

Ta fita da sauri, mayafinta yana zamewa, ta nuna wa shugaban masu lodin dilolin, ta nuna kwantena. Ya tambaye ta da hannu, duka? Ta ɗaga kai. Har da ita a turin na ƙarshe, tana ce musu su yi sauri da Hausar da ba sa ji. Aka ja ƙofofin ƙarfe, aka datse, aka ɗaura hatimi. Motar ta yi baya, ta karya kwana, ta hau titin Nansha.

Sai da ƙurarta ta kwanta sannan ta gane abin da ta yi. Ta so ta ɓoye atamfar ne na awa guda, ga shi ta aika ta Kano.

Ta koma ofis ta zube a kan kujera, ta rufe fuska da tafukanta. Fasuma ta miƙo mata ruwa tana cewa ai shi ke nan, madam shugaba, Allah ya sa alheri. Surayya ba ta karɓa ba. Tana ta juya yadda za ta tari kayan a Legas kafin su hau mota, ko ta sa Ilu ya kulle su a shagonsa, ko kuma, wannan tunanin ya sake leƙowa, ta bar su su isa kawai ta ga abin da Allah zai yi. Ta lura ofishin ya yi sanyi, hasken cikinsa ya koma ruwan ƙwai. Ta ɗago kai.

Fasuma ta gaji da rana, ta rataye ƙyallen samfurin a bakin ƙofa ya zama labule. Rana ta bi ta cikinsa, ta fito da komai tas: murmushin, sunan, zoben azurfa, guntun yatsa.

Ta yunƙura za ta fizge shi, sai ta ji muryar Ilu a waje, ƙasa-ƙasa, irin ta wanda aka taso a gaba ba da son ransa ba, yana cewa nan ne Alhaji, bismilla. Inuwar wani dogon mutum mai hula ta faɗo a kan ƙyallen, daidai bayan fuskarta. Ya fara sallama da fara'a, ya ɗaga hannu zai yaye labulen.

Sallamar ta tsaya a rabi. Hannun nasa ya tsaya a sama. A hankali ya sauke shi, ya kama gefen atamfar ya miƙar da ita, ya sa babban yatsansa a kan guntun yatsan.

"Ilu," in ji shi, bai saki ƙyallen ba, "ita Malama Surayyar tana ciki?"