Haƙorin Burtsatse a Bakin Garma

Da masu haƙa rijiyar burtsatse suka gama aiki a wani ƙauye kusa da Minjibir, sai shugabansu, Abdulkabir, ya bi ta maƙerar Malam Ja'afaru don a gyara masa ƙugiyar sarƙa. Yana jira ya zaro wasu 'yan dunƙulaye masu launin toka daga aljihu, kowanne bai fi ƙwayar gurjiya ba. Ya ce haƙoran kan injin ne da ya lalace, su ne ke cin dutse a ƙarƙashin ƙasa.

Malam Ja'afaru ya ɗora ɗaya a tafin hannu, nauyinsa ya ba shi mamaki. Ya roƙa, aka bar masa su.

Washegari ya tura ɗaya cikin gawayi, ya yi ta zuga. Abin ya yi ja, amma ya ƙi laushi. Ya goga masa zarto, zarton ne ya dakushe. Da haushi ya kama shi ya ɗora shi a kan uwar maƙera ya sauke masa masaba, sai ya tarwatse kamar tangaran. Ya daɗe zaune yana kallon ɓarɓashin. Tun yana yaro yake ƙira, bai taɓa gamuwa da ƙarfen da wuta ba ta lanƙwasa ba.

Da Abdulkabir ya dawo karɓar ƙugiyarsa ya ji labari, sai ya yi murmushi. Ya ce kabayid ake kiransa, kuma ba ƙera shi ake yi ba. Garin wani ma'adini ne mai tsananin tauri, a cuɗa shi da garin wani ƙarfe da zai riƙe shi, a matse a cikin mazubi, a gasa.

"Gogayya ba ta cinsa, Baba, amma ba ya son duka. Sai an dasa shi a jikin ƙarfe mai jure bugu."

Malam Ja'afaru ya yi ta juya maganar. Ya tuna amininsa Hashimu, wanda gonarsa ke kan burji, bakin garmar shanunsa kullum a cinye. Ya karɓo garmar, ya sassaƙa gurbi a bakinta, ya kai Minjibir wurin mai waldar gas aka liƙe haƙora biyu da tagulla.

Damina ta sauka. Garmar ta yi huɗa har aka gama, ba ta dawo maƙera ba. Shi ma Hashimu bai dawo ba, alhali a da duk mako sai ya zo a wasa masa bakinta, ya zauna a kan kututture su sha hira har azahar.

Ran nan da hantsi Malam Ja'afaru ya rufe maƙera ya nufi gonar. Ya tarar da Hashimu yana noman gero. Suka gaisa, Hashimu ya yi ta yabon garmar. Malam Ja'afaru ya saurara, ya ce madalla, sannan ya ɗauki fartanyar da ke jingine a gindin ɗorawa ya kama kunyar da ke kusa da ta Hashimu.