Numfashin da Aka Yanke

Mijina fentin mota yake yi, waƙa kuwa sai ranar hutu. A gareji Fotokwafi suke ce masa, don in ya buɗe baki ya ɗauko waƙar Mai Tabarau, ko uwar da ta haifi Mai Tabarau sai ta waiga. Mai Tabarau shi ne mawaƙin nan da ba gidan da ba a jin muryarsa, kullum da baƙin gilashi a fuska. Mijina bai taɓa ganinsa ido da ido ba, amma ya san inda yake jan murya da inda yake karya ta.

Nakan ce masa, "Wai kai ba ka da taka muryar ne?"

Sai ya ce, "Gajeriya, tawa ai ta korar kaji ce."

Yana da ita kuwa. Da safe in ya zauna bakin gado yana goge fentin farcensa da tsumma, yakan rera wani abu marar kan gado. Muryar da kaushi, kuma duk in ya ja numfashi sai ka ji ɗan fito a ciki. Fentin ne ya ci masa ƙirji.

Waƙa ɗaya tak ya taɓa kaiwa situdiyo. Shi ya tsara ta, a kan ƙofar ɗakinmu da ba ta rufuwa sai an ɗaga ta da ƙafa. Kalmomin nasa ne, amma a tukunyar Mai Tabarau ya dafa su.

Ranar da ƙirjin ya rufe gaba ɗaya, a motar haya muka kai shi asibiti. Bai dawo ba. Wayarsa ma a wannan ruɗanin ta ɓace, waƙar kuma a cikinta take. Ni ba ni da ita a tawa wayar. Wa ke ajiyar muryar wanda suke kwana ɗaki ɗaya?

Bayan masu ta'aziyya sun ɗauke ƙafa, gidan ya rage daga ni sai Inna, mahaifiyarsa, a ɗakin da ke jikin nawa. Idonta ya yi rauni, hoto ba ya yi mata amfani. Rannan ta ce, "'Yar nan, ki samo mana muryar yaron nan. Ko sau ɗaya in ji."

Ni ma abin da ke raina ke nan. Na tafi wurin mai tura waƙa na bakin titinmu. Shagonsa ƙarƙashin matakalar bene yake, mutum biyu ba sa tsayuwa a ciki.

"Anti, me za a zuba miki? Na soyayya ko na motsa jiki?"

"Ta mijina nake nema. Fotokwafi."

Ya rage ƙarar sifika. "Allah ya ji ƙansa. Mai waƙar ƙofa ko? Tana nan."

Ya buɗe wani wuri a kwamfutarsa. Waƙoƙi ne cunkus, kowace da hoton Mai Tabarau a jikinta.

Na ce, "Ina sunan mijina?"

"Anti, in na rubuta Fotokwafi wa zai ce a tura masa? Duk wanda ya yi kama da Oga Mai Tabarau, jakar Oga muke jefa shi. Marigayin ma da bakinsa ya ce a yi haka. Ya ce in mutane suka ji ba su gane ba, ya ci jarrabawa."

Ya kunna. Ga kiɗan, ga maganar ƙofarmu. Na dafa gilashin shagon. Kafin in share ido ya ce, "To ga wata kuma." Kiɗa ɗaya, kalmomi ɗaya, murya ɗaya. Ya sake kunna wata, ita ma haka.

"Wannan kuma mene ne?"

"Ai waƙar ta ɗan yi tashe. Sai sauran masu kwaikwayon Oga suka je suka hau kiɗan. Kowa ya kawo tasa, ni kuma na zuba wuri ɗaya. Ke da mijinki, ai za ki gane shi."

Na ce zan gane shi mana. Na sa ya maimaita su, na kafa kunne a jikin sifika ina jiran fiton nan. Babu. Duk cikinsu ba mai ko haki. Ya zuba mini jakar gaba ɗaya a kati, ya kwatanta mini situdiyon.

Situdiyon ɗaki ne marar taga, an manne bangon da kwalin ƙwai. Mai situdiyon ya kawar da wayoyin da ke kan kujera ya ce in zauna. Da na faɗa masa abin da nake nema, har fuskarsa ta ɗan washe.

"Fiton? Ai ni na cire shi, Hajiya. Ban taɓa shan wuyar aiki irin na marigayi ba. Kowane baiti sai ya yi kamar buta ta tafasa." Ya nuna mini wasu layuka masu tudu da kwari a kwamfuta. "Kin ga irin wannan ɗan tudun? Numfashi ne. Sai in yanke, in haɗe. A kujerar nan da kike zaune ya zauna yana cewa, cire, cire duka, Mai Tabarau ba ya haki."

"To wadda ba ka yanke ba fa?"

Ya sosa ƙeya. "Kwamfutar ta cika, na share tsofaffin ayyuka tuntuni."

Na miƙa masa katin. "Saurara ka faɗa mini wacce ce tasa. Kai ka yi aikin."

Ya ɗora abin sauraro a kunne, ya rufe ido. Ya daɗe. Ya ce ta farkon ce. Can ya ce a'a, kamar ta ƙarshen. Sai ya cire abin ya ajiye a cinyarsa.

"Hajiya, in na ce miki na sani na yi ƙarya. Duka ni na gyara su, kuma hannu ɗaya na sa musu."

Da na koma gida na sa katin a ƙaramar rediyon Inna. Ta farko na tashi ta dafe ƙirji. "Shi ne! Wallahi ɗana ne." Ta biyu ta shigo, ta ce, "Ji shi, ji shi, ɗan albarka." Rediyon ta wuce zuwa wata tsohuwar waƙa ta Mai Tabarau kansa, wadda aka yi tun mijina yana goye. Inna ta ce, "Wannan ma ya yi? Bai taɓa faɗa mini ba."

Ni kuwa na ƙi haƙura. Ina wanki ina ji, ina shara ina ji. Yau in ce wannan ce, gobe in ƙaryata kaina.

Wata safiya ina gyara ƙarƙashin gado na ci karo da tsummansa, ya bushe ƙayau da fenti kala-kala. Na zauna inda yake zama, na ce bari in tuno ɗan abin nan da yake rerawa. Na rufe ido. Abin da ya zo mini murya ce sumul, mai santsi, ba kaushi ba fito. Na sake gwadawa, ita ce dai. Mai Tabarau ya shigo kaina ya zauna a wurin mijina.

Tun daga ranar na daina saurare. Amma bangon da ke tsakanina da Inna siriri ne, ita kuma daga ta idar da sallar safe take kunnawa, har rana ta faɗi. Tana amsa masa, tana sa masa albarka. Na taɓa shiga da niyyar in zare katin in ce ya lalace. Na tarar ta rungume rediyon a ƙirji tana jijjiga ta. Na tambaye ta ko tana son ruwa, na fito.

Yanzu in ta kunna, ɗakina nake shiga in ɗaga ƙofar da ƙafa in rufe, in toshe ƙasanta da zane. Sai in ɗauko tsumman in kai hanci. Wani lokaci warin yana dawo mini da fiton, shi kaɗai, ɗan siriri. Muryar dai ba ta biyo shi. Warin ma ya fara gushewa.