Soket Mai Baki Ɗaya

"Mama! Wa ya zare wannan?"

Ina tsaye a kicin ɗin motar, filogin firiza a hannuna. Leda goma sha ɗaya na nonon da na yi kwana shida ina tatsa, duk sun narke, har sun yi ɗumi. A bakin soket kuwa tukunyar lantarkin Mama ce ta yi zamanta, tana ta huci da miyar ganyen teku.

Mama ta sauko daga gadon sama, ta kalli ledojin, ta kalli tukunyarta. "Af! Jiya da yamma ne, na ce bari in ɗan ɗumama miki..."

"Tun jiya, Mama? Cikin wannan zafin?"

"To, mai jego ba za ta sha miya ba? Da me za ki yi nonon?"

'Yata bakwaini ce. Tun tana ciki muke ce mata Wake, da ta fito kuwa sai sunan ya bi ta, don ba ta fi tafin hannun babanta ba. Kwananta ashirin da uku a kwalba, a babban asibiti a birnin Gwangju. Daga tsibirinmu na Wando tafiyar awa biyu ce, shi ya sa yayan mijina ya ara mana motarsa mai gado da kicin, muka kafa ta a filin ajiye motoci na bayan asibitin. Sau ɗaya suke karɓar nono a rana, ƙarfe ɗaya daidai. In ban kai ba sai su ba ta madarar gwangwani, ita kuma kumbura mata ciki take yi. Ranar da aka gwada, kwana biyu ba ta ƙara nauyi ba.

Kuma duk kicin ɗin nan soket ɗaya ne, mai baki ɗaya. Firiza a nan, injin tatsa a nan, tukunyar Mama a nan. Maigadin filin ya hana kunna gas. Mun taɓa jona doguwar waya mai baki huɗu, nan take fiyus ya ɗauke, motar ta cika da ƙauri.

Ina cikin kuka sai ga Dong-uk, mijina, ya iso daga tsibiri da takalman roba, yana warin teku. Ya ga ledoji a kwanon wanke-wanke. Soket ɗin ya tsura wa ido kamar shi ne ya zage shi.

"Maman Wake, yau sai na ga bayan wannan abin. Minti talatin."

"Ka iya?"

"Ni da nake gyara injin kwale-kwale?"

Ƙarfe tara ya fita, tara da rabi ya dawo da sabon soket mai baki biyu. Kafin in ce tsaya, ya kashe wutar motar gaba ɗaya, ya kwance tsohon.

"Baban Wake! Injin tatsa fa? Ai da ka bari na tatsa tukun!"

Ya yi turus da sukurdireba a baki. "Bari in mayar."

Ina! Yana jawo tsohon soket ɗin robar bayan ta farfashe a hannunsa, ashe ta daɗe da ƙonewa. Wayar da ke ciki kuwa siririya kamar taliya, baƙa ƙirin. Ya kira yayansa, ya saki muryar kowa na ji.

"Yaya, wa ya yi maka wayarin motar nan?"

"Ni na yi. Me ya same ta?"

"Kai ka yi? Da igiyar shanya?"

"Kai, ɗan kamun kifi, kar ka taɓa min mota! Caja kawai nake sawa a wurin, ban ce ku buɗe gidan abinci ba!"

"Na riga na taɓa."

"To, ka gaida Wake," in ji yayan, ya kashe.

Dong-uk ya sake fita da guntun wayar a aljihu. Goma ta wuce. Na zauna a bakin gado, na ja labule, na hau tatsa da hannu cikin kwalbar da aka dafa. Ko ɗigo. Ƙirjina ya yi tauri kamar dutse, yana zogi, amma ya ƙi saki. Kwana shida injin nan yana jan nono kamar famfo, yau da nake nema ido rufe sai nonon ya ce bai san ni ba. In kalli agogo, in matsa, in kalli agogo.

Mama ba ta iya ba da haƙuri ba, tun muna yara. Sai dai na ji ta tana motsi a kicin. Can ta ɗaga labule da tawul a hannu. Ashe jiƙa shi ta yi, ta naɗe a jikin tukunyar miyar, da yake har lokacin da sauran zafinta. Ta ɗora min a ƙirji, ta zauna bayana tana murza min kafaɗa da hannayen nan nata masu kaushi.

"Daina kallon agogo, agogo ba ya shan nono. Buɗe hotonta."

"Ke kika jawo ai."

"Na sani. Buɗe hoton."

Na buɗe a waya. Wake da 'yar hularta, bakin nan a tsuke kamar tsohuwa tana fushi. Sai ga ɗigo. Sai ga wani.

Sha ɗaya da rabi Dong-uk ya dawo yana haki, da naɗin waya mai kauri a kafaɗa. Wai tsohon mai shagon ya kalli guntun wayar ya tambaye shi ko yana da maƙiya a cikin motar. Ya ce sai an ja sabuwar waya tun daga akwatin fiyus, an ba kicin nasa makunnin daban. Mijina ya kwanta rub da ciki, rabin jikinsa cikin kabad ɗin ƙarƙashin kwanon wanke-wanke, ƙafafunsa sun tare hanya.

"Mama, miƙo min filaya."

"Wacce ce filaya, surukina?"

"Mai jan hannu."

"Duk jajaye ne."

"Mai baki kamar ƙaguwa!"

"Ai da ka ce haka."

Ya buge kai, ya yi ashar a hankali, ya nemi gafarar Mama, ya sake bugewa. Ni kuwa ina bayan labule, ɗigo, ɗigo, hannuna har ya ƙage. Mama na ɗura min miya da cokali, ta huce, ina haɗiya ba don ina so ba.

"Minti goma, Maman Wake! Ki jira injin!"

"Tun tara kake minti talatin!"

Ɗaya saura kwata na ɗaga kwalbar. Ko rabi bai kai ba, shan sau ɗaya ne da ɗan ƙari, ita kuwa sau takwas take sha. Na rufe, na tsallake ƙafafun mijina, na zura silifas ɗin Mama don ban ga nawa ba. Gudu nake, ɗinkin haihuwata na ja, lif ya ƙi saukowa, na bi matakala har hawa na huɗu.

Nas Gil ce a tagar karɓa, wata doguwa mai tabarau da ba ta cika dariya ba. Na miƙa kwalbar. "Ki yi haƙuri, wannan ne kawai, firiza ce, soket ne, Mama ce..."

Ta ɗaga kwalbar ta duba. "Na yau ne?"

"Yanzu-yanzu."

"Ajiye shi nan. Tun sha ɗaya nake son kiranki, aiki ya hana. Da safe likita ya cire mata robar hancin da ake ba ta nono, ta fara tsotsar yatsa. Je ki wanke hannu har gwiwa, ki sa rigar can."

"In yi me?"

"Ki shayar da 'yarki mana. Yau dai a bakinta za mu gwada. In ta kama, duk awa uku ki hawo."

Jama'a, ta kama! Sau biyu ta kuskure, ta yamutsa fuska, na uku ta cafke. Ɗan bakin nan da bai kai farcena ba, amma na ji jan har tafin ƙafata. Nonon da ya wahalar da ni tun safe sai ga shi yana zuba har gefen kumatunta, Nas Gil na gogewa tana cewa, "A hankali, hajiyar ci." Na yi dariya, na yi kuka, ban san wanne ya riga ba.

Waya ta hau ruri a aljihun rigata. Nas ta zaro ta juyo min da ita. Hoto ne daga Dong-uk: sabon soket fari tas, firiza a baki ɗaya, tukunyar miya a ɗayan, Mama a gefe ta ɗaga babban yatsa. Ƙasa ya rubuta: "Sauko maza ki gwada injin."

"In ba shi amsa?" in ji Nas Gil.

Na kalli Wake, ta lumshe ido, kumatu na motsi.

"Ce masa ya jira minti talatin."