Gwiwar Mani

A gonarsa ta bayan Sabuwa 'yan bindiga suka harbi Mani, aka yanke masa ƙafar hagu ƙasa da gwiwa. Ƙauyensu ya watse, don haka da aka sallame shi sai ya sauka wajen ƙanwarsa Laraba, a wani ƙauye da ke bayan Yankara. Mai unguwar wurin ya ce zai ba shi aron gona in zai iya tsayawa a kanta kafin ruwan shuka. In bai iya ba, masu jira suna da yawa.

Ana nan sai wata ƙungiya ta tara ma'aikatan lafiya a Ƙanƙara, kwana uku, tana koya masu haɗa hannu a kan mara lafiya ɗaya. Aka ɗauko Mani a mota, aka zaunar da shi gabansu, aka ba shi shinkafa da lemo. Aka raba shi uku a allo. Miki na Fatima Zahra'u ne, nas ɗin Faskari. Motsa gaɓoɓi na Malam Salim ne, mai gashin ƙashi. Ƙafar roba ta Almu ce, wanda ke zuwa daga Katsina. Mai koyarwar ta nanata kowa ya girmama aikin ɗan'uwansa, a daina ba mara lafiya magana biyu. Aka tafa. Almu ya auna dungun, su ukun suka tsayar da rana ɗaya a mako da za su riƙa haɗuwa a Faskari.

Ba wanda ya tambayi direban da ya kawo Mani. Hanyar su Mani mota ba ta bin ta sai ranar kasuwar Yankara, a jere, don tsoron daji. Ranar kuwa ba ita ce ranar haɗuwar ba, Fatima Zahra'u kaɗai ake samu a Faskari.

Mani ba mai zaman banza ba ne. Ya kama tufka igiya da zaren buhu. Da can da babban yatsan ƙafar hagu yake riƙe bakin igiyar, yanzu sai ya naɗe gwiwar ya danne ta da ita, daga hantsi har la'asar. Laraba ma, don tausayi, takan cusa masa matashi ƙarƙashin gwiwar in ya kwanta.

Fatima Zahra'u ta ga gwiwar ta fara ƙin miƙewa. Da a da ne, da ta yi masa faɗa nan take. Amma wannan ba ɓangarenta ba ne yanzu, sai ta rubuta wa Malam Salim takarda. Shi kuma ya rubuta a ƙasa cewa a kawo shi ranar haɗuwa.

Bayan wata huɗu ƙafar ta iso. Wani mai babur ya yi ƙundunbala ya kai Mani Faskari ranar haɗuwar. Ƙafar ta yi kyau, har da takalmi. Almu ya durƙusa ya ce wa Mani ya miƙe gwiwa.

"Ai a miƙe take, ɗana," in ji Mani.

Ta tsaya a lanƙwashe kamar lauje. Malam Salim ya danna, ya ja, har Mani ya yi salati. Ya tambaya wa ya bar shi ya riƙa zama a kanta. Fatima Zahra'u ta ɗauko takardar ta ajiye masa. Almu ya ce shi dai awonsa daidai ne. Duk cikin ladabi suka yi maganar, ba wanda ya ɗaga murya.

Mani ya bari suka gama, sannan ya tambayi Malam Salim wata nawa gwiwar za ta ɗauka kafin ta miƙe.

"Shida, Baba, in kana zuwa kowane mako. Shi ma ban yi maka alkawari ba."

An yi yayyafi sau biyu a makon nan, ruwan shuka ya kusa. Mani ya gode masu ɗaya bayan ɗaya. Da ya isa gida ya ce wa Laraba ta je gidan mai unguwa tun bai fita ba, ta gaya masa ya ba Audi gonar, cikin masu jira shi ke da 'ya'ya bakwai.